Rasuwar Giwa, Wadda Guduma Ta Yi Ajalinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama mai ɗaure da bandeji, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Giwa, tsohuwar kwamfutar gidanmu, wadda ta cika ranar Talata da hantsi tana da shekara goma sha tara a duniya. Ta rasu a tsakar ɗakin yayana bayan doguwar jinya da gajeriyar guduma. Gudumar a hannuna take. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya zo ta'aziyya yana yi da ni a bayan ƙofa.

Marigayiya ta kasance mai nauyi, mai amo, mai haƙurin da ya wuce misali. Ta shigo gidanmu fara tas, ta bar shi kalar haƙorin mai shan taba. Ba ta taɓa tashi da lallami ba. Idan ka danna maɓallinta sai ta yi maka kunnen uwar shegu, har sai ka zabga mata mari biyu a gefen hagu, ka ɗora mata naushi ɗaya a ka, sannan ta ce "ɗiit," fankarta ta ɗauki "wuuu" kamar motar da ke hawan tudu. Kowa a gidan ya san wannan ƙa'ida. Matar Yaya da takalmi take yin nata, don ta ce ba za ta lalata tafin hannunta a kan ƙarfe ba. An zubar mata da shayi sau biyu, ɓera ya haihu a cikinta, wutar lantarki ta taɓa babbake mata waya har ɗakin ya cika da hayaƙi. Duk ta shanye, ba ta kai ƙara ba.

A shekarunta na ƙarshe aiki ɗaya ta riƙe. A cikinta akwai wani tsohon wasan yaƙin takubba wanda kamfanin da ya yi shi ya rufe tuntuni, kuma a cikin wasan akwai jarumin da Yaya ya raina shekara goma sha ɗaya, ya sa masa suna Gagarabadau. Wasan ba shi da imani. Rai ɗaya yake ba ka. Ranar da aka kashe jaruminka, wasan da kansa zai goge fayil ɗinsa, ka koma farko da tsumma da sanda. Shekara goma sha ɗaya Gagarabadau yana sare kawuna, yana raba mutum biyu daga kafaɗa zuwa ƙugu, yana cinna wa garuruwa wuta, ba a taɓa kai shi ƙasa ba.

Yaya tsohon direban babbar mota ne. Shekara huɗu da suka wuce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Wasan kuwa hannu biyu yake so: dama a kan linzamin kwamfuta tana sara, hagu a kan madannai tana ɗaga garkuwa da kauce wa mashi. Sai dai kafin ciwon ya zo, Gagarabadau ya riga ya tara sulke da ƙarfin da ba ya buƙatar garkuwa. Hannu ɗaya ya ishe shi. Don haka mutumin da ake yi wa wanka, ake ɓalla masa maɓallin riga, kullum da yamma sai ya kashe mutum ɗari uku ya kuma ci abincinsa da daɗi. A duk duniya nan ne kaɗai wurin da ba a ce masa "sannu, bari in taimaka maka."

Ciwon ajali ya fara ne da wani sauti, "kwas, kwas, kwas," daga rumbun da Giwa take ajiye komai. Mai gyara ya kara kunne ya ce, "Wannan ta kusa. Ku kwashe abin da ke cikinta tun tana numfashi." Sai na sayo sabuwar laftof, siririya, mara kunya, mai ɗauke da babbar manhaja ta zamani, na ce zan mayar da wasan can.

Mako uku muna dambe. Da farko ta ce wasan bai dace da ita ba. Na shiga saiti na umarce ta da ta yi kamar ita tsohuwar manhaja ce, ta ba ni baƙin allo. Na rage girman hoto, sai ga sama ta koma shunayya, dawakai kore. Ta nemi in saka faifan wasan, alhali ko ramin saka faifai ba a yi mata ba. Na bi zaurukan intanet ina kwasar facin gyaran wasan da wasu bayin Allah suka rubuta shekaru da dama, na liƙa wannan ta ce wancan ya ɓace, na samo wancan ta fara ƙara kamar ana yanka akuya. A cikin makonnin nan na fasa kofi biyu, na maka linzami a bango ya tarwatse, na naushi ƙofar banɗaki har yau ba ta rufuwa daidai. Maiɗakina ta kwashe duk abin da ke fashewa daga falo, ta ce idan na gama haukan in gaya mata.

Ranar Litinin allon farko ya buɗe, da launinsa daidai, da gangunansa. Na yi tsalle kamar an yi mini albishir da haihuwa. Ban wuce allon farkon ba. Ban gwada ko da sara ɗaya ba.

A nan zan faɗi laifina yadda yake. Ni ma'aikacin ajiye takardu ne, shekara ashirin da biyu. Dokata a ofis ɗaya ce: fayil ɗaya, wuri ɗaya. Kwafi biyu shi ne uwar rikici, kuma na sha wanke na ƙasa da ni tas a kan haka. To da na zo ɗauko Gagarabadau, ban kwafa ba, yanke shi na yi daga cikin Giwa na sa a filash, na sake yanke shi daga filash na sa a laftof. Hannuna ya yi abin da ya saba kafin kaina ya farka. Har daɗi na ji da na ga wurin ya yi fes.

Abin da ban sani ba shi ne, wasan da saurin inji yake auna lokaci. Giwa tana tafiyar hawainiya, shi ya sa yaƙi yake tafiya daidai da hannun mutum. Sabuwar ta ninka ta sau hamsin.

Talata da hantsi na ajiye laftof a gaban Yaya, matarsa da maiɗakina suna tsaye. Ya ɗora hannu a kan linzami, ya danna. Kafin mai atishawa ya gama atishawa, rundunar da ya kamata ta yi minti biyar tana tahowa ta riga ta rufe Gagarabadau. Na ga an caccaka masa mashi ta ko'ina, na ga kai ya yi sama, allo ya yi ja. Ganga ta ce "tum." Sai rubutu ya fito cewa an goge.

Yatsan Yaya yana nan a ɗage, bai ma sauke shi karo na biyu ba. Ya juyo ya dube ni.

"Mayar da ni wajen Giwa," ya ce.

"Yaya…"

"Na ce ka mayar da ni. Wannan 'yar banzar ba ta iya ba."

"Ba ya can, Yaya."

"Ai ka kwafa."

Matarsa ta ce, "Wayyo, ƙanina, me ka yi?"

Na ruga wajen Giwa ko wani ɓurɓushi ya saura. Na danna, shiru. Na yi mata mari biyu da naushi, shiru. Na ƙara huɗu. Na mare ta har tafina ya tsage, jini ya ɓata gefenta. Na sa ƙafa na harbe ta ta faɗo daga tebur. A bakin taga akwai gudumar da muke buga ƙusar labule da ita, ban san lokacin da ta shigo hannuna ba. Matar Yaya ta ce sau goma sha huɗu na sauke, ni ban ƙirga ba. Gefenta ya lotsa, fankarta ta fita ta bugi silin, wani guntun ƙarfe ya yanke ni a tsintsiyar hannu, maiɗakina ta riƙo rigata ta yage a hannunta. Bugun ƙarshe a kan rumbun ya sauka. Ta ce "kwas" sau ɗaya, a hankali, shi ke nan.

Da yamma mai gyara ya zo duba gawa. Ya tsuguna ya leƙa bayanta, ya ɗago wata waya.

"Malam, ai wayar wuta ce ta zare. Wa ya ja tebur ɗin?"

Ni ne na ja shi, lokacin da nake neman wurin ajiye laftof.

Ya ciro rumbun, ya juya shi a hannu. "Kuma abin da ka yanke ba ya tafiya nan take. Yana nan kwance sai an rubuta wani a kansa. Da ka kawo min ita lafiya, awa ɗaya ya ishe ni in fito muku da mutuminku."

"Yanzu fa?" na ce.

Ya girgiza shi a kunnena. Sai ƙarar tsakuwa a gwangwani.

Marigayiya ta bar allo ɗaya mai ƙatuwar ƙeya wanda yanzu ba shi da mai yi masa magana, da madannai masu giɓi uku, da lasifika biyu, ɗaya kurma. Ta bar faifan wasa da ya sha karce. Ta bar ni, wanda ba ya iya haɗa ido da kowa a gidan. Ta bar Yaya.

Ana roƙon masu zuwa gaisuwa da kada kowa ya ce masa "ai wasa ne kawai." Mijin ƙanwarmu ya faɗa ranar Laraba, Yaya ya aika masa da sandar dogarawa daga kan kujera, yanzu yana da ɗinki uku a goshi. Hannun daman Yaya lafiyarsa ƙalau.

Don cikar bayani, mai gyara ya saka wa laftof wata 'yar manhaja mai rage gudu. Minti biyar ya ɗauka. Wasan yana tafiya yanzu sumul, yadda bai taɓa yi ba ko a zamanin Giwa, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ranar Alhamis Yaya ya fara sabon jarumi, da tsumma da sanda. A ƙofar garin farko akwai wani kare. Sau tara yana yayyaga shi, don babu mai ɗaga garkuwa. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. A na goma ya saki linzami, bai waiwayo ba.

"Kai. Ɗauko kujera ka zauna nan."

"Yaya, ka yafe—"

"Ban yafe ba. Hannu nake nema. Sa yatsunka a nan, in na ce ɗaga, ka ɗaga."

Za a yi wa marigayiya wanka da tsumma mai laima ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a tsakar gida. Daga nan za a ɗauke ta a baro zuwa makwancinta wajen mai sayen tsohon ƙarfe da ke ƙarshen layi. Ni zan tura baron, ba na son taimako. Za a karɓi ta'aziyya a ɗakin Yaya har zuwa ƙarfe uku da rabi, kuma muna roƙon kowa ya tashi a kan lokaci, domin ƙarfe huɗu za a rufe ƙofa. Haka za a riƙa rufe ta kullum daga yanzu, ina zaune a gefensa na hagu ina ɗaga masa garkuwa. Gagarabadau ya ci shekara bakwai kafin ya iya tsayawa ba garkuwa. Yaya bai tambayi likita ko yana da sauran shekarun da suka kai haka ba, ni ma ban tambaya ba.