Rasuwar Gwana, Manhajar Girkin da Maigida Ya Haɗa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa cin abincin hannuna rasuwar manhajar adana girke-girke da maigidana ya haɗa mini a waya, wadda ya raɗa wa suna Gwana. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, a kicin, tsakanin kwanon fulawa da tukunyar miya.

An haifi marigayiya a kan teburin cin abinci, wanda maigida ya mamaye da kwamfutarsa wata da watanni, mu kuwa muna cin namu a kan cinya. Mahaifin nata ma'aikacin kwamfuta ne, bawan Allah da bai taɓa dafa ƙwai ya fito da shi lafiya ba, amma ya leƙa kicin ɗina ya ce babu tsari.

Marigayiya mai ƙa'ida ce. Ba ta san "gishiri kaɗan" ba, ba ta san "a soya har ya yi ja" ba. Da na rubuta haka sai ta yi ƙit-ƙit ta ce, "Saka lamba." Tana da tsafta fiye da kima, don ba ta amsa yatsa mai maiƙo ko mai laima, kuma da zarar hannuna ya shiga kwaɓi sai ta rufe ido ta yi barci. In na wanke hannu na tashe ta, mai yana ƙonewa a wuta, sai ta nemi lambar sirri, kamar ɓarayin duniya sun yi layi a ƙofa suna jiran sirrin farfesuna. Bayan duk wannan sai ta gaishe ni ta hanci: "Barka da zuwa, mai girki!"

Alheri ɗaya ta yi mini, ba zan ɓoye shi ba. A jinyar Mama ta ƙarshe na zauna bakin gadonta na naɗi muryarta tana koya mini miyar kifinta, tana tari, tana yi mini faɗan ba na barin abu ya nuna. Maigida ya kwashe muryar ya zuba a cikin Gwana, ya goge ta asali wai wayar ta cika, ya rantse nan ta fi tsaro. In kewa ta dame ni, sai in danna in ji Mama a kicin. Don wannan na haƙura da sauran halinta.

Ciwon ajali ya kama ta ne da maigida ya sabunta ta, wai ta riƙa lissafa awon abincin baƙi. Bai ga ranar yi ba sai ranar da iyayen mijin 'yarmu za su fara cin abinci a gidanmu. Na ce mata mutum takwas, ta ba ni gishiri kofi shida da rabin ƙwai. Daga nan ta fara juyi tana cewa, "Dakata kaɗan." Wannan ce kalmarta ta ƙarshe, sai fuskarta ta yi fari fat.

Maigida ya taso daga falo a guje. Ya kashe ya kunna, ya hura, ya girgiza, ya ce abin mamaki ne, don a kwamfutarsa lafiyarta ƙalau. Na tambaye shi muryar Mama. Ya sosa ƙeya ya ce mako mai zuwa ya yi niyyar ajiye kwafi.

Na yi miyar kifin Mama da ka. Baƙi sun ci sun yaba, amma harshena ya san ba ita ba ce. Akwai abin da Mama ke faɗa bayan tarinta na biyu, na yi na yi ya ƙi zuwa mini.

Marigayiya ta rasu ta bar mahaifinta, wanda har yanzu yake gaya wa abokansa tunanin mai kyau ne, mai amfani da ita ce ba ta da haƙuri. Ta bar waya mai ƙamshin soyayyen mai, da tambarinta mai hoton cokali a kan fuskar wayar, da ƙanwa da ake raɗe-raɗin tana tafe. Ina tabbatar wa jama'a ba a gidan nan za a haife ta ba.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan abincin rana. Maigida da kansa zai danne hoton cokalin har ya fara rawa, sannan ya goge shi a gaban shaidu. Za a karɓi gaisuwa a kicin. Ina roƙon ƙannen Mama su zo da wuri su ɗanɗana miyar, ko Allah zai sa wata ta gano abin da ya ɓace.

Yankan albasa duka na maigida ne, don marigayiya ta samu mai yi mata kuka.