Rasuwar Ta-Kumasi, Akwatin Hoton Halidu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, Malam Halidu mai hoto na bakin tashar Madawa yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, daga Buza har Keita, rasuwar akwatin hotonsa, wadda kowa ya sani da Ta-Kumasi. Ta cika ranar kasuwa da hantsi, a wannan shekara ta 1986, tana bakin aiki, bayan shekara ashirin da bakwai tana tsaye a rana kan ƙafa uku.

Daga Kumasi ya ɗauko ta a ka yana saurayi, akwatin katako mai ido ɗaya. Marigayiyar ba ta da surutu. Abin da aka sani na muryarta ƙiii ɗin murfinta ne, sai cakal-cakal na ruwan magani idan Halidu ya zura hannu cikinta yana wanke hoto. Ba ta san babba da yaro ba: sufurefe mai mulkin gari da mai tallar albasa kujera ɗaya suke hawa, kuma duk sai sun daina motsi. Aibinta ɗaya, a takardar farko takan mai da baƙin mutum fari fat, haƙoransa baƙi, sai a ɗauka ta biyu take gyara ɓarnarta. Wata tsohuwa daga Galma ta taɓa leƙa ta farkon, ta bar takalmanta a wurin, har yau ba ta aiko a ɗauka ba.

Duk saurayin ƙasar Adar da ya tafi biɗar kuɗi Abijan a shekarun nan, fuskar da ke kan katin shaidarsa daga cikin Ta-Kumasi ta fito, ban da mutum ɗaya: Illa, ɗan farin Halidu. Sunan nan mai rubutu ne ya ƙara, don Halidu cewa ya yi a rubuta "yaron ga". Kunyar ɗan fari ba ta barin uba ya kira suna, balle ya tsura ido, ita kuwa sana'ar hoto duk tsura ido ce. Ko hoton kati da Illa ya buƙata, Buza aka tura shi wajen wani mai hoto. Shekara ashirin da biyar, gidan mai hoto babu hoton ɗansa ko ɗaya.

Ga yadda ajali ya zo. Illa ya kama wuri a motar Abijan, an ɗaure kayansa, sai ya tako ya zauna a kujerar, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a ɗauke ni guda, a aje gida."

Halidu ya juya wajen akwatin. Ya shige ƙarƙashin baƙin ƙyallen nan da yake rufe kai da shi, inda ba mai ganin inda idonsa yake. A nan ya ga ashe yaron ya yi gemu, ya ga goshin kakansa, ya ga wani tabo a gira da bai san ranar da aka yi shi ba. Aikin da yake gamawa kafin a sha ruwa, ran nan ya yi ta matso da Ta-Kumasi, yana ja da baya, yana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Masu shayi suka ce tsufa ya kama Halidu. Ba tsufa ba ne, kallo yake yi.

Sai da direba ya danna oda karo na uku ya cire murfin idon, ya ƙirga uku, ya mayar. Illa ya durƙusa ya yi sallama, ya ruga. Motar ta wuce gidan mai kafin Halidu ya zaro takardar daga ruwa, ya same ta baƙa ƙirin, ko inuwar kunne babu. Da ya yi sauri, da lokaci ya isa a sake. Wannan ita ce maganar da ke cin sa, kuma ba shi da wanda zai faɗa wa.

An kai Ta-Kumasi wajen Mato kafinta. Ya ƙwanƙwasa gefenta, gari ya zubo. Ya ce, "Halidu, wagga ba ta tashi. Gara ta canye ta tun daga ciki, haske na shiga ta ko'ina. Sai haƙuri."

Ta rasu ta bar ƙafafu uku, ɗaya da ɗauri. Da labule mai zanen jirgin sama wanda rabin Adar suka tsaya gabansa ba su taɓa shiga na gaske ba. Da agogon hannu marar tafiya da ake ara wa ango. Da 'ya'ya da jikoki rataye a bangon ɗakuna har garin Deule. Ta kuma bar Halidu, wanda har yanzu yake fitowa tasha da safe ya zauna, hannunsa babu abin yi.

Za a yi mata wanka da busasshen tsumma, don ba ta son ruwa a waje. Ba za a yi salla ba, liman ya riga ya harari wanda ya kawo zancen. Bayan la'asar za a ɗora ta kan katangar zaure, fuskarta na duban ƙofa. Zaman makoki kwana uku ne, a gindin bedi, dogonyaron nan na tasha.

Mai makoki ya ce kada kowa ya wahalar da kansa da goro. Roƙonsa ɗaya ne: duk mai tafiya Abijan, in Allah ya haɗa shi da yaron, ya ce masa ya ɗauki hoto ya aiko, ko ƙarami ne irin na kati. In ya tambayi wa ke so, a ce gwaggonsa Dela ce.