Rasuwar Malam Minshari, Injin Iskar Tankin Kifi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗar da ta fara sagewa, ɗan gidan nan, wanda daga nan za a riƙa kira mai makoki, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar injin iskar tankin kifinsa, wanda aka fi sani da Malam Minshari. Ya rasu yau da rana tsaka, a ƙarƙashin tebur, babu kowa a kansa. Ruwa ne ya ci shi. Bai cika wata biyu a gidan ba.

Ga wanda bai san marigayin ba, ɗan baƙin inji ne, bai fi sabulun wanki girma ba, da ƙafafun roba da jelar waya. Aikinsa ɗaya ne. Yana hura iska ta wani siririn tiyo zuwa cikin tanki, iskar ta bi ta cikin soso, soson ya tace ruwa, kumfa ta taso, kifi su samu numfashi. Duk rayuwarsa a bakin ruwa ya yi ta, amma bai taɓa shiga ba. Bai iya ruwa ba.

Ya zo gidan ne a lokacin da ake neman irinsa. Mai makoki ya gama sakandare, sakamako ya fito, sunansa bai fito a ko'ina ba. Abokansa suka watse, wannan makaranta, wancan shago. Shi ya zauna a ɗaki yana kallon silin. Ana cikin haka wani maƙwabci ya tashi, ya bar akwatin gilashi a bakin ƙofa da ƙura a ciki. Mai makoki ya ɗauko, ya wanke, ya zuba tsakuwa, ya cika shi da ruwan famfo, ya je ya sayo kifi a leda ya juye su ciki, duk a yini ɗaya. Babu wanda ya faɗa masa cewa ruwan famfo sai ya kwana maganin da ke cikinsa ya fita. Kafin mako ya zagayo ya kwashe gawa da cokali har ya daina gaya wa kowa.

Baba ya leƙo ya ga tankin, ya ce, “Wannan ma ka fara ke nan?” Ba ya buƙatar ƙarawa. Akwai injin aski a cikin durowa, akwai takardar koyon kwamfuta da aka je sau uku.

Mai makoki ya koma wurin mai sayar da kifi ya yi bayani da ƙaramar murya. Mutumin ya riƙe baki. “Ruwan famfo, a ranar? Ɗan'uwa, kiwo za ka yi ko miya?” Ya miƙo marigayin a kwali, ya ce a bar ruwa ya kwana, a rage abinci, a jona wannan kada a kashe. Yana juyawa wajen wata mai ciniki ya ƙara da cewa, “Ka ɗora shi sama.” Mai makoki ya ɗauka maganar tsafta ce.

Ya kafa masa kanta a bango, saman tankin. Ya jona. Marigayin ya ce zzzzzz, tankin ya amsa bul-bul-bul. Daga ranar cokali ya koma kicin.

Halayen marigayin sanannu ne. Bai taɓa neman hutu ba. Bai taɓa cewa ya gaji ba, ko da jikinsa ya yi zafi. In aka kawo wuta shi ne farkon mai sanarwa, kafin ƙwan fitila ya haska, kafin fanka ta motsa. A hannunsa ruwa ya washe har ana ƙirga tsakuwa, ciyawar da aka dasa ta yi sabon ganye, kifayen suka fara sanin hannun mai ba su abinci. Shi kaɗai ne kuma a duk gidan bai taɓa tambayar mai makoki me ake ciki game da makaranta ba. Sukan zauna tare tun hantsi har la'asar, ɗaya na zzzzzz, ɗaya na shiru, kowa ya gamsu da hirar.

Aibinsa ɗaya, kuma ba a ɓoye wa mamaci gaskiya don ana ƙaunarsa. Yana da minshari. Bangon da aka kafa masa kanta shi ne bangon ɗakin Baba, Baba kuwa a gidan burodi yake kwana yana aiki, da rana yake barci. Bangon ya riƙa ɗaukar ƙarar yana kai masa har cikin matashi. Baba ne ya raɗa masa suna. Da farko da dariya. Daga baya ba dariya. Shekaranjiya ya fito da jan ido ya tsaya a ƙofa ya ce, “Ko dai malamin nan ya daina minshari a kaina, ko ya fita, shi da kwalbar taka.”

Aka sauko da marigayin. Aka shimfiɗa masa tsohon tawul a ƙarƙashin teburin da tankin ke kai, aka kwantar da shi kamar baƙon kirki. Ƙarar ta ragu. Baba ya yi barci har da juyi. Mama ta ce, “Ka gani? Abu mai sauƙi.” Kowa ya yaba. Sanarwar nan ba za ta ɗora wa kowa laifi ba, domin duk wanda ke gidan ya ji daɗin shirun.

Jinyarsa gajera ce. Yau da hantsi Mama ta aiki mai makoki ya cika tukunyar gas. Yana can a layi aka ɗauke wuta. Ashe duk tsawon zaman marigayin, numfashinsa ne ke tare ruwa daga shiga tiyon. Da ya yi shiru, ruwa ya samu hanya. Ya biyo tiyon, ya tsallake bakin gilashi, ya gangaro. Da yana kan kantarsa da ruwan bai same shi ba, ruwa ba ya hawa sama neman kowa. Amma yana ƙasa, bakinsa a buɗe. Ya sha, ya cika, ya fara zubarwa ta ƙafafu. Tawul ya jiƙe, kafet ya jiƙe, tankin yana raguwa ɗis-ɗis, babu mai gani.

Sai aka kawo wuta.

Mama ce kaɗai ta ji kalamansa na ƙarshe, tana tsakar gida tana shanya. Ta ce ya yi ƙurrr, kamar mai shirin tashi aiki. Ya yi tuf. Ya sake yin tuf. Sai ƙauri. Ko a halin da yake ciki ya yi niyyar komawa bakin aikinsa, a shaida masa wannan. Mama ta ruga ta kashe wutar gidan gaba ɗaya, ta shiga ɗakin, ruwa ya taɓa mata idon sawu ta cikin kafet.

Mai makoki ya dawo da tukunya a kafaɗa ya tarar da gidan tsit. Tun daga ƙofa ya gane. Ruwan tankin ya sauka ƙasa da rabi. Kifayen duk sun taru a sama, baki a buɗe.

An yi abin da za a iya. Mama ta naɗe marigayin a leda ta kai wa mai gyaran rediyo na bakin titi, domin mai makoki ba zai iya matsawa daga gaban tankin ba. Mai gyara ya kwance shi, ya girgiza, ruwa ya zubo masa a cinya. Ya shinshina ya ce, “Hajiya, wannan inji ne ko kifi? Ku yi haƙuri. Ya riga ya tafi tun kafin ku taso.” An kira mai sayar da kifi. Ya ce injin ƙarshe ya sayar, sababbi sai jibi in mota ta iso. Da ya ji inda aka ajiye marigayin sai ya ce, “A ƙasa?” Ya ce to, a samu moɗa, a riƙa ɗibar ruwan tankin ana zubo shi daga sama, ana yi ana yi, don iska ta shiga. Kada a ba su abinci. Kada a ƙara ruwan famfo sai ya kwana, ko da an ga suna haki, ko da zuciya ta ce a ƙara.

Zuciya tana ta cewa a ƙara. Bokitin ruwan famfo yana nan a lungu, cike, an rufe shi da faranti. Taku biyu ne tsakaninsa da tankin. Sai gobe da safe.

Marigayin ya rasu ya bar iyali. Ya bar Mashari, kifi mai bin ƙasa yana lasar gilashi, wanda bai taɓa hawowa sama ba sai yau. Ya bar Tagwaye, jajaye biyu masu yawo tare, sai dai ɗayansu ya bi shi kafin la'asar, ɗayan kuma yana ta zagaya inda aka ɗauke ɗan'uwansa. Ya bar tiyo, wanda ake zargi amma ba a kama ba. Ya bar soso, da ke kwance a ƙasan tanki babu mai motsa shi, ruwan da yake tacewa ya fara yin fari-fari kamar an wanke shinkafa.

Ya kuma bar Uwar Ciki.

Ita ce 'yar ƙarama mai jelar ruwan goro, ita kaɗai ta rage daga ledar farko. Ta ga ruwan famfo ta rayu. Ta ga cokali ya shigo ya fita da 'yan uwanta ɗaya bayan ɗaya. Irinta ba ƙwai suke yi ba, haihuwa suke yi, kuma cikinta ya tsufa, ya yi baƙi ta baya, har ana hango wasu ɗige-ɗige da mai sayar da kifi ya ce idanun 'ya'ya ne. Yau ko gobe ake sa rai. Mai makoki bai taɓa kai wani abu ƙarshe ba a rayuwarsa, kowa ya sani, shi ma ya sani. Wannan saura ƙiris.

Yanzu haka tana kusurwar tanki ta hagu, bakinta a saman ruwa, fukafukanta a manne da jiki. In moɗa ta zubo sai ta ɗan nutsa, ta yi iyo kamar lafiya lau. In aka tsaya sai ta dawo sama. Ba ta bari a huta fiye da rubuta layi biyu. Duk wanda ya ga rubutun sanarwar nan ya karkace, ya yi haƙuri, da hannu ɗaya aka yi shi.

Baba ya tashi da yamma zai tafi aiki. Ya taka kafet, ya ɗaga ƙafa ya duba. Ya tsaya a ƙofa da jakarsa, ya daɗe yana kallon moɗar tana hawa tana sauka.

“Har yaushe za ka yi haka?”

“Jibi.”

Baba ya kalli kantar da babu kowa a kai. Ya ce, “Ka riƙa canza hannu tun bai gaji ba. In ka bari ya gaji, duka biyun ka rasa.” Ya fita. Bai sake maganar fitar da kwalba ba. Bai kuma ce ya janye ta ba.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi wa marigayin wanka ba, ruwan da ya sha ya isa. Za a naɗe shi a tawul ɗin da ya rasu a kai, a kai shi babbar tukunyar shuka furanni da ke bayan ɗaki. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar ɗakin mai makoki. A cire takalmi, a naɗe ƙafar wando. Kada a ƙwanƙwasa gilashi. Kada a zo da abincin kifi. Kada a ba da hannu, babu hannun karɓa. Wanda ya zo da niyyar cewa ai kifi ne kawai, an yafe masa zuwa, ya yi zamansa a gida. Wanda ke da injin iska, ko tsoho ne, ko mai minsharin da ya fi na marigayin, ya taho da shi yanzu, kada ya jira gari ya waye. Za a ɗora shi sama.

Mama ta riga ta haƙa ramin da cokalin miya, daidai girman marigayin. Ta shigo ta faɗa. Mai makoki, idonsa na kan kusurwar hagu, ya ce ta ƙara faɗin yatsa biyu a gefe, ko za a buƙata kafin safiya. Ta dube shi. Ta sunkuya ta dubi Uwar Ciki, ta daɗe a sunkuye. Ta goge ƙasar hannunta da zane.

“Ba zan ƙara ba,” ta ce. “Matsa. Miƙo moɗar nan.”

Saboda haka ramin na mutum ɗaya ne. Za a sanar da lokacin binnewa da zarar an samu hannun da ba shi da aiki.