Cutar Karen Anti Pokuaa

"Kare ko a Tamale ya yi tari, ina nan Kumasi zan faɗa maka abin da ya haɗiye." Haka Kawu Ntim yake cika mana baki a gidan hayarmu na Bantama. Kai ma ka san irinsu. Shekara talatin yana yankan tikiti a tasha, ko ƙadangare bai taɓa kiwo ba, amma Farfesan Karnuka yake so a kira shi.

Ran nan aka kwaɗa tsawa, sai Sika, karen Anti Pokuaa, ya shige ƙarƙashin benci yana karkarwa. Ɗanta ne ya bar mata shi da zai tafi Turai, tana ji da shi kamar jika. Ta ce asibitin dabbobi za ta kai shi.

"Haba Anti, ga kogi a gida, ki tafi neman rijiya? Sanyi ne," in ji Kawu Ntim.

Farfesa ya naɗe kare da bargo kamar ƙullin dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye. Karkarwa ta ƙaru. Ya ce ashe guba ce, ya danne shi ya ɗura masa manja. Kare ya feso masa a fuska. Ya share ido ya ce yanzu ya tabbata iska ce, ya turara barkono. Muka watse titi muna tari, har da mai gidan hayar da tawul a ƙugu.

Kwana uku ana haka, Anti ta gaji, ta saka karenta a tasi, na raka ta. Farfesa ya biyo mu a baya, wai zai yi wa likita bayani.

Likitar, Dokta Boatemaa, ta tambaya ko yana amai, ko ya daina ci, ko yana faɗuwa yana dalalar da miyau. Babu ko ɗaya. Ta ce da akwai, da abin tashin hankali ne. Sika kuwa yana kan tebur, sai kaɗa wutsiya yake.

Sai ga Farfesa.

"Yarinya, matsa in koya miki aiki."

Kare ya hau ɓari har tebur na amsawa. Likita ta ce Kawu ya ɗan fita. Ɓari ya tsaya. Kawu ya dawo, ɓari ya sake tashi.

"Anti, na gano cutar," in ji likita, tana nuna Kawu. "Ga ta nan tsaye da silifa. Maganinta nisan taku ashirin, safe da yamma."