Rasuwar Rediyo Mai Jan Ɗigo a Goshi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnen da ya rasa wurin jingina, Malam Sammani dillalin albasa a Kasuwar Bodija, mazaunin Sabo, Ibadan, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar rediyon gidansa, wanda ya cika ranar Talatar da ta wuce a kan teburin wani mai gyara a Mokola.

Wanda ya wuce ta ƙofar gidan ya ji shi yana magana, kada ya ce an yi masa ƙarya. Yana magana, har ya fi da. Amma ya rasu, ga kuma yadda aka yi.

Marigayin ya shigo gidan a 1981, lokacin maigidan bai san ko bihim ba a boko. Don labaran duniya aka saye shi, sai uwargida Haulatu ta karɓe riƙonsa. Ita ba ta fita. Alale take dafawa a tsakar gida ana shigowa saye. Takan kife turmi ta ɗora shi, tana surfa wake yana karanto mata shirin kimiyya na wata tashar waje. Daga bakinsa gidan ya ji cewa babu iska a duniyar wata, don haka sawun da aka taka can ba ya gogewa. Daga bakinsa aka ji cewa akwai tauraron da haskensa ke isowa bayan shi kansa ya daɗe da mutuwa. A 1986, da ya ce tauraruwa mai wutsiya ba za ta dawo ba sai bayan shekara saba'in da wani abu, Haulatu ta ce to a gaya wa jikoki su gaishe ta.

Albarkacinsa aka kafa majalisar zaure da unguwa ke wa tsiya da sunan 'Yan Sama. Malam Rilwanu, mai koyarwa a firamare, yakan sayo tsofaffin littattafan Turanci na jiragen taurari da mutanen ƙarfe a bakin titi, ya fassara, a yi ta gardama ko mazauna taurarin suna da alƙibla. Haulatu tana saurare ta bayan ƙofa. Washegari Malam Sammani ya fito da gyaran da ta yi wa labarin, ya faɗa kamar nasa, kowa kuma ya san ba nasa ba ne.

Marigayi mai haƙuri ne. An sha shanya baturansa a rana a kan kwano don su farfaɗo, bai taɓa ƙorafi ba. Amma babbar baiwarsa daban ce. Wata rana shirin ya ce a cikin shuuu ɗin da ake ji tsakanin tasha da tasha, akwai wanda daga sararin sama yake zuwa. Haulatu ta bi allurar da ke nuna tasha a hankali har ta sami wani wuri da babu mai magana, sai dai: shhhh, fiiii-uuu, shhhh, can ƙasa kuma tik, tik, kamar mai taɓa kwanon sha da farce. Ta ɗiga jan farce a kan gilashin, daidai wurin. Kullum bayan la'asar, in alale ya ƙare, nan take kai allura ta zauna. Ta ce ba a san wa ke sallama ba, bai kuma kamata a bar shi a tsaye ba.

Allah Ya yi mata rasuwa a daminar 1992, allura tana kan ɗigon. Malam Sammani ya bar allurar a nan. Ya riga ya yi yaƙi da jahilci, yana iya karanta kowace lamba a fuskar rediyon, amma bai taɓa duba wadda ke kusa da ɗigon ba. Ɗigon ya ishe shi. Bayan la'asar yakan kunna, ya zauna a gefen turmi. Ba ya cewa ya ji komai. Yana dai cewa gidan ba ya zama kango muddin ana wannan shuuu.

Ciwon ajali ya fara da dushewar murya. Sai a mare shi a gefe ya dawo, daga baya ko marin ba ya ji. 'Yarsu Amatullahi, da ta zo daga gidan mijinta a Ojoo ta tarar da Baba zaune gaban akwatin da ba ya motsi, tausayi ya kama ta, ta kai rediyon Mokola ba ta faɗa ba. Mai gyaran mutumin kirki ne. Ya gyara, ya zagaya da allura ko'ina don gwaji, sannan, don kyautata wa mai kaya, ya sa reza ya kankare ɗigon tsaf. Ya zaci datti ne.

Tun ranar Malam Sammani ke bin allurar. Ya san unguwar, bai san gidan ba. Kaurin gashi ɗaya ya isa ya canza sautin, kuma kowane shuuu yanzu ya yi kama da ɗan'uwansa.

Marigayin ya bar turmi ɗaya a kife, da wayar eriya da ke lilo a kan rufi, da 'Yan Sama, da Amatullahi wadda ta kasa cin abinci. Mahaifinta yana roƙo, don Allah kada mai ta'aziyya ya ce mata da ba ta kai ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar a tsakar gidan. Maza su tsaya a zaure su yi shiru. Ana roƙon matan da suka taɓa zama da Haulatu a irin wannan lokaci su shigo ciki, ba sai da komai a hannu ba. Amatullahi ce za ta murɗa allura daga wannan gefe zuwa wancan, sannu a hankali. Wadda ta gane sautin ta ɗaga hannu. An sayo jan farce an ajiye. In allura ta kai bango babu hannu a sama, za a cire batura, a naɗe marigayi a zanen Haulatu, a yi fatiha a watse.