Kwanon da Na Kifa wa Eriya

A ɗakin gwaje-gwajenmu na jami'a akwai agogon da ke karɓar lokaci daga tauraron ɗan'adam, ta wata 'yar eriya a kan rufi. Ni ke kula da shi, kuma ba na son a koya mini aikina.

Da zafin bazara ya tsananta, tausayin eriyar ya kama ni. Na hau tsani na kifa mata kwanon silba don ta samu inuwa, na sauko ina jin na yi sadaka.

Washegari agogo ya fara tsalle. Awon abokiyar aikina Malama Hadiza, wanda ya dogara da agogon, ya rikice, ga ranar miƙa bincikenta ta matso. Mako biyu ina canza wayoyi, ina ɗora laifin a kan tauraro da muryar masana.

Da ta gaji, ta roƙi mai gadinmu Baba Altine ya hau ya duba. Ya leƙo ƙasa ya ce, "Malam, wanga kwano na wa na? Ko tuwo anka aje ma tauraron?"

Ashe kwanona ne ya tare saƙon tauraron. Da ƙyar Malama Hadiza ta gama aikin, ta kuma yafe mini. Amma har yau in rana ta take, sai ta miƙo mini kwanon, wai in kifa a kaina kada in narke.