Ladabin Injiniya Tanimu a Kan Tudu

Akwai wata ƙungiyar masu yawon keke a garinmu, ta manyan mutanen da Allah ya hore wa motoci amma likita ya ce su riƙa motsa jiki. Ranar Asabar da sassafe za ka gan su cikin matsattsun wanduna da hulunan kwano, kowa a kan keken da in aka faɗa maka kuɗinsa sai ka yi salati, suna haki a kan titi, direbobinsu na biye da su a hankali da ruwan sanyi. Sau ɗaya a shekara, in ruwa ya ɗauke, sukan yi babbar fita. Su bar kwalta su shiga ƙasar duwatsun da ke bin Kogin Malmo, su yi ta hawa da gangara daga ƙauye zuwa ƙauye har rana ta yi sanyi.

Jagaban wannan fita shi ne Injiniya Tanimu. Shi ke zaɓen hanya, shi ke shiga gaba, shi kaɗai ke sa jar riga, kuma hotonsa ake bugawa ƙato a kalandar ƙungiya. Da za a ce ya zaɓa tsakanin jar rigar nan da benensa, wallahi sai ya nemi a ba shi lokaci ya yi shawara. Sai dai rigar tana da sharaɗi: jagaba ba ya sa ƙafa a ƙasa a kan hawa. Ranar da ya sauka ya tura keke, ranar zai tuɓe ta ya miƙa wa na bayansa. Na bayan nasa kuwa Shekarau ne mai kantin magani, wani siririn mutum marar yawan magana, wanda ke hawa tudu yana ɓare gyaɗa da hannu ɗaya.

Abu guda aka ɗauke wa jagaba. A ƙasar Malmo ba a wuce dattijo a kan keke. In ka hango tsoho zaune a bakin hanya, tun daga nesa za ka sauka, ka turo kekenka, ka durƙusa ka gaishe shi, sannan ka ci gaba da turawa har ka ba shi baya sosai kafin ka sake hawa. Wata shekara ’yan ƙungiyar suka wuce wani mai unguwa a guje suna ɗaga masa hannu, samarin garin suka tare su a mashigi suka sace musu iskar tayoyi gaba ɗaya. Tun daga nan aka yi doka cewa saukar gaisuwa ba sauka ba ce.

To, a bana Injiniya ya san babu lafiya. Shekaru sun ja, tumbi ya yi gaba ya bar shi a baya, ko gadar sama ta cikin gari ya hau sai ya ji kamar ransa zai fita. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san Shekarau ba zai yi masa dariya ba, shiru kawai zai yi ya miƙo hannu, kuma wannan shirun ya fi dariya ciwo.

Da ya tafi duba hanya a mota, sai ya haɗu da wani tsoho mai suna Baba Jatau, mai farin gemu har ƙirji, irin wanda ko ɗan sanda ya gani sai ya rusuna. Nan dabara ta faɗo masa. Ya ja tsohon gefe, ya yi masa alkawarin sabuwar babbar riga da ƙwaryar goro. Aikin ba wuya, in ji shi: ranar fita wani ɗan acaɓa zai riƙa ɗaukarsa ta hanyar yanke, ya ajiye shi a tsakiyar kowane hawa, daidai inda ƙafa ke fara rawa. Shi dai ya shimfiɗa buzunsa ya zauna. Injiniya ya kuma ba shi jaka cike da huluna, ya ce ya riƙa canzawa. Baba Jatau ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a rayuwarsa an nemi addu’arsa, an nemi gonarsa, an nemi auren ’ya’yansa, amma yau ne aka fara zuwa aron gemunsa. Duk da haka ya karɓi jakar.

Ranar fita aka kama hanya, Injiniya a gaba, jar riga na ɗaukar ido. Suka bi gefen kogi ta cikin gonakin rake, suka ratsa wata rugar Fulani, sai ga tudun farko. Injiniya ya sauke giyar kekensa, ya ƙara saukewa, ya laluba ya ji babu sauran ta saukewa. Numfashinsa ya fara fita da sauti. Yana ɗaga kai sai ga farin gemu a gindin ɗorawa, cikin hular dara. Bai taɓa son wani tsoho a duniya kamar yadda ya so wannan a lokacin ba. Ya ɗaga hannu ya ba da umarnin sauka, aka durƙusa, ya ja gaisuwa ya tambayi gida da iyali da dabbobi da yadda damina ta yi, har sai da ya ji bugun zuciyarsa ya koma daidai. Aka tura kekuna cikin ladabi, kuma ba a gama ba wa dattijo baya ba sai da aka kai kan tudu.

A hawa na biyu aka tarar da wani dattijon cikin rawani. A na uku, wani cikin malafa. Wannan na ukun duk jikinsa ƙura, gwiwarsa a kurje, yana zaune a karkace kamar wanda ƙugunsa ke ciwo. Da Injiniya ya durƙusa, tsohon ya raɗa masa cewa babur ya kayar da shi a kwazazzabo, kuma tun safe ko koko bai shiga cikinsa ba. Injiniya ya yi kamar addu’a ake yi masa, ya shafa fuska ya ce amin da ƙarfi, ya miƙe ya yi gaba, alhali jakar bayansa cike take da dabino da biskit.

Suna cikin turawa Shekarau ya matso kusa da shi.

“Jagaba, tsofaffin ƙasar nan akwai kama. Kuma na lura ba sa son zama a fili, sai a kan hawa.”

Injiniya ya haɗe rai. Ya ce mutanen Malmo duk kakansu ɗaya, dole su yi kama. Ya juya ga sauran ’yan ƙungiya ya buɗe musu wa’azi a kan tarbiyya. Ya ce abin da ya kashe zamanin nan ke nan, mutum ya yi boko ya sami ɗan abin hannu sai ya fara ƙirga dattawa maimakon ya gaishe su. Ya ce shi kam ko dattijo ɗari aka jera masa zai sauka wa kowanne, don haka iyayensa suka koya masa. Wasu suka gyaɗa kai, wani likitan haƙori har ya ce a gaskiya Injiniya ɗan halak ne. Shekarau kuwa ya jefa gyaɗa a baki.

Saura hawa ɗaya, kuma shi ne uban tafiyar. Sunansa Hawan Ƙaho, yana tsallaken kogi, ya miƙe sama tsakanin duwatsu babu ko lanƙwasar da mutum zai ɓuya ya huta. Jakuna ma sai an yi musu magana mai daɗi suke hawansa.

Da suka iso mashigi, Injiniya ya hango abin da ya tsinka masa zuciya: ɗan acaɓan nan ne a bayan wata bishiyar kanya, tsugune kusa da babur ɗinsa, shi kaɗai. Ya yi kamar zai kama ruwa ya zagaya wurinsa. Mutumin ya ce ruwa ya yi ƙarfi, mai fito ya rantse ba zai ɗora babur a kwalekwalensa ba. Amma Baba ya haye tun ɗazu da buzunsa da sandarsa, ya ce zai taka da ƙafa.

Injiniya ya dawo ya shiga jan lokaci don tsoho ya samu ya kai tsakiyar dutse. Ya ce a yi azahar a nan. Aka idar, ya ja addu’a har ya roƙa wa masuntan kogin albarka ɗaya bayan ɗaya. Ya ce kowa ya duba birkinsa. Ya ce a sake dubawa. Sai da mai fito ya ce zai tafi cin abinci, sannan aka loda kekuna aka haye.

Suna shan kwanar farko bayan kogi sai ga Baba Jatau. Ba a tsakiyar hawa ba, ba a farkonsa ba ma. Yana zaune a shimfiɗaɗɗen fili a gindin mangwaro, inda ko yaro mai koyon keke ba zai sauka ba, ya miƙe ƙafafu, kansa babu hula, jakar hulunan kuwa ga ta a gefensa a buɗe, dara da rawani da malafa duk suna leƙowa.

Doka doka ce, aka sauka aka durƙusa. Shekarau ya zuba wa tsohon gyaɗa a tafin hannu, ya dubi jakar, ya dubi dutsen, ya ce cikin sanyin murya ai an yi sa’a, taku kaɗan za a yi a ba Baba baya, sai kowa ya hau kekensa a fuskanci Ƙaho tun daga tushe.

Injiniya ya ɗaga kai ya kalli hawan. Babu bishiya, babu bukka, babu ko akuyar da mutum zai ce ya ɗauka dattijo ce. Ya ji jar rigar ta yi masa nauyi a jiki. Ya matsa kusa da tsohon, ya ƙaƙalo murmushi, ya yi magana yadda kowa zai ɗauka tausayi ne.

“Baba, nan ai akwai sauron kogi. Can tsakiyar dutse ya fi iska mai daɗi. Me ya hana ka hau can ka zauna?”

Baba Jatau ya gama tauna gyaɗarsa, ya kakkaɓe hannu, ya dubi dutsen daga ƙasa har sama.

“Na so in hau, ɗana. Sai na duba na ga ni ba a ajiye mini kowa a hanya da zan tsaya in gaisar ba.”